Hermann Helmholtz, Likitan Sojan Da Ya Binciki Yadda Ido Yake Jagorar Hannu

Duk ɗan makarantar da ya taɓa tsaron gida a filin ƙwallo ya san wannan abu: kafin ya ce zai yi tunani, hannunsa ya riga ya kai inda ƙwallo take, ko kuwa ya kai inda ba ta. Haka yake ga mai saka zare a allura, da mai zuba kunu a kofi, da mai sauka daga matakala. Ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, hannu ko ƙafa ya tafi. Muna yin haka sau dubbai a yini, ba mu kuwa tsayawa mu tambayi yadda abin yake faruwa. Akwai wani Bajamushe da ya tsaya ya tambaya, ya kuma ɗauki ma'auni ya auna. Sunansa Hermann Helmholtz. 'Yan ajin kimiyya sukan gamu da sunan a darasin fiziks, amma mutumin da aikin likita ya fara, kuma yawancin ƙuruciyarsa a kan ido da jijiya da tsoka ya ƙare ta.

An haife shi ran 31 ga Agusta, 1821, a Potsdam, wani garin sojoji kusa da Balin. A lokacin garin yana cikin ƙasar Furushiya, gama ƙasashen Jamusawa ba su haɗu sun zama Jamus ɗaya ba sai a 1871. Mahaifinsa malamin sakandare ne mai koyar da harsunan dā, mai son falsafa ƙwarai, albashinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Hermann shi ne ɗan fari. Yaro ne mai yawan laulayi, har ya kai wajen shekara bakwai yawancin kwanakinsa a ɗaki yake yin su. Abin wasansa 'yan guntayen katako ne da ake jerawa a gina ɗaki, kuma da su ya fara gane kusurwa da tsawo da faɗi, tun kafin wani malami ya koya masa lissafin siffofi.

Da ya tsufa, shi da kansa ya ba da labarin raunin da ya yi fama da shi a makaranta. Yana ƙarami ya sha wuyar bambanta dama da hagu. Haddar abubuwan da ba su da haɗi da juna, irin su shekarun tarihi da kalmomin nahawu masu karya doka, ta yi masa nauyi sosai. Abin da yake da dalili kuwa, da zarar ya gane dalilin ya zauna ke nan. Sa'ad da 'yan ajinsu suke karatun Latin, shi yakan ɓoye takarda a ƙarƙashin tebur yana zana hanyar da haske yake bi ta cikin gilasan madubin hangen nesa. Ba shawara muke ba 'yan aji uku ba, labari muke bayarwa.

Akwai wani abu da ya same shi yana ƙaramin yaro wanda bai taɓa mantawa ba, har ya sa shi a babban littafinsa bayan shekaru da yawa. Wata rana suna wucewa ta gaban majami'ar sojoji ta Potsdam shi da mahaifiyarsa, sai ya ɗaga kai ya hango mutane can a saman hasumiya. Ya ɗauka 'yan tsana ne, ya roƙi mahaifiyarsa ta miƙa hannu ta ɗauko masa. Idonsa lafiya lau yake, hoton da ya shiga idon ma daidai ne, ƙanana ya nuna su. Abin da yaron bai riga ya koya ba shi ne cewa abu mai nisa yakan yi ƙanƙanta a ido. Mai karatu ya riƙe wannan labari, domin aikin Helmholtz a kan gani kusan dukansa daga nan ya tsiro.

Da ya gama sakandare fiziks yake so ya karanta, amma mahaifinsa ba shi da kuɗin jami'a. Hanyar da ta rage ita ce makarantar likitocin soja ta Balin, inda gwamnati take ɗaukar nauyin ɗalibi bisa sharaɗin zai yi wa soja aiki shekara takwas bayan ya gama. Ya shiga a 1838, yana da shekara 17. A Balin ya zauna a gaban Johannes Müller, wanda ya fi kowa sanin aikin gaɓoɓin jiki a Jamus ta wannan zamani, ya kuma yi abota da almajiransa biyu, Emil du Bois-Reymond da Ernst Brücke. A 1841 wani zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi a asibiti. Da yake ɗaliban makarantar kyauta ake jiyyarsu, ɗan kuɗin guzurinsa ya taru, da ya warke sai ya sayi madubin ƙara girman ƙananan abubuwa da shi. Da wannan madubi ya yi binciken da ya ba shi digirin likita a 1842, a kan yadda zaren jijiya yake fitowa daga ƙwayoyin jijiya.

A nan sai mu ɗan tsaya a kan kalma. Da Hausa jijiya ɗaya muke cewa ga mai ɗaukar jini, da mai ɗaure tsoka da ƙashi, da mai ɗaukar saƙo. A wannan labari duk inda aka ce jijiya, ta ukun ake nufi, wato fararen zaren nan da suke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka su bazu ko'ina a jiki.

Daga 1843 ya zama likitan sojan doki a garinsu. Ya gyara wani ɗan ɗaki a bariki yana gwaje-gwaje a kan tsokar kwaɗi in ya sami sarari. Masana da yawa a lokacin sun gaskata akwai wani ƙarfi na musamman a cikin abu mai rai wanda ba ya bin dokokin fiziks. Helmholtz ya nuna cewa tsoka in ta yi aiki, abubuwan da ke cikinta sukan sāke, takan kuma fid da zafi, kamar yadda itace yake yi in yana cin wuta. Wannan ya kai shi ga takardar da ya karanta a Balin a watan Yuli 1847, bai cika shekara 26 ba, a kan cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, ba a kuma ƙirƙiro shi daga babu, sai dai ya sāke kama. Mayer a Jamus da Joule a Ingila su ma sun kai ga wannan doka ta nasu hanyoyi. Babbar mujallar fiziks ta lokacin ta ƙi buga takardar, sai da ya kai ta wurin mai ɗab'i aka buga ta ita kaɗai. Duk da haka ta fito da sunansa. A 1848, da taimakon dattijon masani Alexander von Humboldt, aka yafe masa sauran shekarun soja. A 1849 ya sami kujerar koyarwa a jami'ar Königsberg, garin da yanzu yake cikin Rasha da sunan Kaliningrad, ya kuma auri Olga von Velten.

A Königsberg ne ya yi aikin da a ganina ya fi kowanne ƙarfin hali, domin malaminsa ya riga ya ce ba zai yiwu ba. Müller ya rubuta a littafinsa cewa da wuya a taɓa auna saurin saƙo a cikin jijiya, gama ana zaton saurin ya kusa na haske, jikin dabba kuwa gajere ne, babu filin da za a auna. Helmholtz bai yi gardama da baki ba. Ya ɗauki tsokar ƙafar kwaɗo tare da jijiyarta, ya rataye ta, ya ɗaura mata ɗan nauyi a ƙasa. Ya haɗa wayoyi ta yadda da zarar ya taɓa jijiyar da lantarki, wata wutar za ta fara bi ta cikin wata na'ura mai allura, da zarar kuma tsokar ta tsuke ta ɗaga nauyin, wutar za ta yanke. Gwargwadon daɗewar wutar, gwargwadon nisan da allurar za ta karkata. Ta haka allurar ta zama masa agogon da yake iya auna kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Dabarar tana nan: sai ya taɓa jijiyar kusa da tsoka ya auna, ya sāke taɓa ta can nesa ya auna. Duk abin da ya ƙaru a lokacin, tafiyar saƙo ce a cikin wannan ɗan tsakani. Olga ce take zama tana rubuta lambobi, sau ɗari bisa ɗari.

A farkon 1850 ya aika da sakamakon. A jijiya mai tsawon milimita 50 zuwa 60, saƙo yakan ci tsakanin 0.0014 da 0.0020 na sakan. Wato saurinsa wajen mita 25 zuwa 38 ne a sakan guda. Haske yana yin kilomita 300,000 a sakan, sauti yana yin wajen mita 340, saƙon jijiyar kwaɗo kuwa bai fi saurin mota a kan babbar hanya ba. Ya kuma lura cewa in aka sanyaya jijiyar da ƙanƙara, saƙon yakan ƙara nawa.

Mutane ba su karɓi wannan da sauƙi ba. Takardar da ya fara aikawa ta yi gajarta ƙwarai har manyan Balin suka kasa gane ta, sai da du Bois-Reymond ya sāke tsara ta. Mahaifinsa ma ya rubuto masa cewa shi a wurinsa nufi da aikin jiki abu guda ne, lokaci ɗaya suke faruwa, bai ga yadda za a sami tazara tsakaninsu ba. Kuma gaskiya haka kowa yake ji a jikinsa: in na so in ɗaga yatsa, ji nake nan take ya ɗagu. Helmholtz ya gwada mutane ma. Yakan ɗan taɓa mutum da lantarki a wuri mai nisa da kai, kamar yatsan ƙafa, sa'an nan a wuri na kusa, mutumin kuwa ya motsa hannu da zarar ya ji. Na nesa yakan fi jinkiri. Ya kuma ga cewa tafiyar saƙo ba ita kaɗai take cin lokaci ba, ƙwaƙwalwa da kanta takan ci wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan kafin ta ba da umarni. A wata lacca ya ba da misalin babban kifin teku da ake kira wel: in aka soke shi a wutsiya, sai wajen sakan guda labari zai kai kansa, wani sakan kuma kafin umarni ya komo wutsiyar. Yau an san cewa jijiyoyin mutum iri-iri ne, mafi sauri sukan kai wajen mita 120 a sakan, waɗansu masu ɗaukar zafin ciwo kuwa ba su fi mita ɗaya ko biyu ba.

Me wannan yake nufi ga mai motsi? Yana nufin labarin da ido ya kai wa ƙwaƙwalwa kullum ya ɗan tsufa kafin ya isa. Mu koma wurin mai tsaron gida. Daga inda ake buga fanareti zuwa raga mita 11 ne, ƙwallon da aka buga da ƙarfi kuwa ba ta cika rabin sakan a hanya. Mutum yakan ci wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin ya fara motsi bayan ya ga abu, ga kuma lokacin da jiki zai ci kafin ya kai kusurwa. In ya jira sai ya ga inda ƙwallo ta nufa sarai, ya makara. Dole ƙwaƙwalwarsa ta yi kintace daga gudun mai bugu da yadda ya dasa ƙafa. Ƙwaƙwalwar da saƙonta yake da nawa, tilas ta zama mai hasashe, kuma Helmholtz ya ƙare shekaru goma sha biyar masu zuwa yana binciken yadda take yin hasashen.

Kafin wannan, a ƙarshen 1850, ya ƙera abin da ya sa kowane likita ya san sunansa. Yana shirya darasi ne ga ɗalibansa a kan dalilin da ya sa ɗan ramin da ke tsakiyar baƙin ido yake baƙi ƙirin. Ya gane cewa hasken da ya shiga ido yakan komo ta hanyar da ya shiga, mai leƙawa kuwa kansa yakan tare hasken. In aka sa gilashi a karkace ya tura hasken fitila cikin ido, mai dubawa kuma ya leƙa ta cikin gilashin, to, idonsa yana kan hanyar hasken da yake komowa. Da kwali da gam da 'yan gilasai ya haɗa na farko, cikin kwanaki kaɗan ya zama mutum na farko da ya ga bayan idon mai rai sarai, da jijiyoyin jininsa. Ya buga bayanin a 1851. Duk wanda ya je asibitin ido likita ya haska masa 'yar fitila yana leƙawa, jikan wannan kwali ne aka duba shi da shi.

Ya koma Bonn a 1855, musamman domin sanyin Königsberg yana cutar da ƙirjin Olga, sa'an nan Heidelberg a 1858. Shekarar 1859 ta yi masa ɗaci. Mahaifinsa ya rasu a tsakiyarta, Olga kuma ta rasu a ƙarshenta, ta bar masa 'ya'ya biyu ƙanana. A 1861 ya auri Anna von Mohl. A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta babban littafinsa a kan gani, wanda ya fito kashi-kashi daga 1856 har ya cika a 1867. Ya kuma rubuta wani a kan ji da kiɗa a 1863, amma wannan labari ne na wata rana.

Ga ɗaya daga cikin tambayoyin littafin. Kowane ido yana da tsoka shida masu juya shi, kuma idonmu yakan yi tsalle daga wuri zuwa wuri wajen sau uku a sakan. Duk sa'ad da ya yi tsalle, hoton da ke bayan ido yakan goce gaba ɗaya. To, me ya sa ba mu ganin ɗaki yana rawa? Mai karatu zai iya gwada amsar yanzu. Rufe ido ɗaya, ka sa yatsa a fatar ɗayan ta gefe, ka ɗan tura a hankali, ban da ƙarfi. Za ka ga allo da taga sun motsa. Ɗauke yatsan ka juya idon da kanka, kome zai tsaya cik. A duka biyun ido ya motsa, hoton ma ya goce. Bambancin shi ne, a na biyu ƙwaƙwalwa ce ta ba da umarni, ta san gwargwadon motsin da ta nema, sai ta cire shi daga abin da ta gani. A na farko ba ta aiki kowa ba, don haka ta ɗauka duniya ce ta motsa.

Ya ƙarfafa wannan da abin da likitocin ido suka gani ga marasa lafiya. Mutumin da tsokar da take juya idonsa dama ta shanye, in ya yi ƙoƙarin duban dama idon ba ya tafiya, amma sai ya ga abubuwa sun zabura zuwa dama. Umarni ya fita, ƙwaƙwalwa tana jiran hoto ya goce, hoto bai goce ba, sai ta yanke cewa abubuwan ne suka bi idon. Nufi kaɗai, ba tare da motsi ba, ya sāke abin da mutum yake gani. A 1950 masana biyu a Jamus, von Holst da Mittelstaedt, da wani a Amurka, Roger Sperry, suka nuna irin wannan ga ƙuda da kifi. Yau an yarda cewa duk umarnin da ƙwaƙwalwa ta aika wa tsoka takan ajiye kofensa, domin ta san abin da za ta sa rai ta gani ko ta ji. Shi ya sa ma mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli.

Gwaji na biyu ya shafi hannu. Ya sa tabarau mai gilashi mai kusurwa, irin firizim ɗin ɗakin gwaje-gwajenmu na kimiyya, wanda yake kawar da kome zuwa hagu. Ya dubi wani abu a kan tebur, ya rufe ido, ya kai yatsa, sai yatsan ya sauka hagu da abin. Ya yi ta kai hannu yana kallo, bayan ɗan lokaci sai ya daina kuskure. Abin mamakin yana zuwa ne da ya cire tabarau: yanzu yatsan sai ya wuce ta dama, har sai ya sāke sabawa. Da a ce da wayo kawai yake gyarawa, da ya cire tabarau sai ya daina. Kuskuren da ya biyo baya ya nuna cewa can ciki, inda mutum bai sani ba, an sāke daidaita ido da hannu. Ashe haɗin da ke tsakaninsu kullum ana gyaransa, kuma kuskure ne yake gyara shi. Wanda ya sāke sabon tabarau ya ga ƙasa kamar ta tudu kwana biyu, ya ɗanɗana wannan. Haka yaron da ya yi tsawo farat ɗaya a hutu ya dawo yana tuntuɓe da benci. Binciken baya ya nuna cewa ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya tana da babban hannu a wannan gyara, gama waɗanda ta lalace musu sukan yi ta kuskure da irin wannan tabarau ba su saba ba.

Daga waɗannan duka ya kai ga ra'ayinsa mafi shahara. A ganinsa, abin da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa alama ce kawai, kamar yadda harafi yake alamar sauti, sai ƙwaƙwalwa ta fassara ta bisa ga abin da ta saba. Fassarar tana kama da yanke hukunci daga shaida, sai dai tana faruwa da sauri, ba da saninmu ba, ba ma iya hana ta. In ka danna gefen ido na waje a hankali cikin duhu, za ka ga ɗan haske ta wajen hanci. Babu fitila a can, ka kuwa sani babu, amma tun da aka haife ka duk abin da ya taɓa wannan gefe na bayan ido haske ne daga wajen hanci, don haka can ƙwaƙwalwa ta ajiye shi. Yaya aka yi ta koyi fassarar? Ta wurin motsi. Jariri yana juya abin wasa, yana kai shi baki, yana jefarwa, gwaji yake yi: in na yi kaza, me zan gani? Yaron da ya nemi a ɗauko masa 'yan tsana daga hasumiya bai taɓa hawa can ya ga girmansu ba. Ya kamata a faɗa cewa wajen shekara 800 kafin Helmholtz, Ibn al-Haytham, wanda ya rubuta littafinsa na gani a Alkahira, ya riga ya ce akwai hukunci mai sauri da ba a lura da shi a cikin gani.

Ba kowa ya yarda ba. Ewald Hering, wani masanin Jamus, ya yi ta jayayya da shi shekara da shekaru, yana cewa da yawa daga cikin sanin wuri da shi ake haihuwar mu. Duk wanda ya ga ɗan tsako ya fito daga ƙwai, kafin yini ya ƙare yana tsattsagar tsaba, zai ga Hering yana da hujja. A nan Helmholtz ya ɗan wuce gona da iri. Abin da aka sani yanzu shi ne akwai shiri da ake haihuwar mu da shi, sa'an nan motsi da kuskure su daidaita shi. Amma ta wajen mutum, shaida ta fi karkata gare shi fiye da yadda abokan gardamarsa suka zata. A 2011 aka buga wani bincike daga Indiya a kan yaran da aka haifa da yanar ido aka yi musu aiki sun riga sun girma. Da aka buɗe idonsu, aka ba su abu su shafa ba su gani ba, sa'an nan aka ce su nuna shi da ido cikin abubuwa biyu, sai suka kasa. Bayan 'yan kwanaki suna gani suna taɓawa, suka fara iyawa.

Akwai maganarsa guda da aka yi ta yawo da rabinta. A wata lacca ya lissafa aibobin ido: gilashinsa ba ya tattara launuka wuri ɗaya sosai, ƙwayar ba ta da cikakkiyar siffa, akwai kuma wani gurbi a bayan kowane ido inda jijiya take fita, wanda ba ya gani sam. Ya ce da mai sayar da tabarau ne ya kawo masa na'ura mai irin waɗannan aibobi, da ya mayar masa da ita. Masu son gardama sukan tsaya a nan. Shi kuwa ya ci gaba da cewa nasa idanun yana murna ya riƙe su muddin zai iya, ya kuma nuna cewa aibobin ba su damunmu domin ido ba shi kaɗai yake aiki ba: biyu ne, ba sa zama wuri ɗaya, ga kuma ƙwaƙwalwa a bayansu tana cike gurbi.

A 1871 aka kira shi Balin ya riƙe kujerar fiziks, wato abin da ya so tun yana saurayi ya same shi yana dab da cika shekara 50. Daga nan hankalinsa ya koma kan lantarki da zafi da motsin ruwa da iska. A aji dai ba gwani ba ne. Max Planck, wanda ya zauna a ajinsa, ya tuna cewa yakan zo bai shirya ba, yana duba ɗan littafinsa yana kuskuren lissafi a allo, har ɗalibai suka watse saura uku. A ɗakin gwaji kuwa ya san inda zai nuna wa almajiri ya haƙa. Shi ne ya sa Heinrich Hertz a kan hanyar da ta kai ga gano igiyoyin da rediyo take aiki da su. Sarki ya ba shi sarauta, aka ƙara von a gaban sunansa, a 1888 kuma ya zama shugaban sabuwar cibiyar awo da fiziks ta ƙasar. A gida bai rabu da makoki ba: 'yarsa ta fari ta rasu a 1877, ɗansa Robert, wanda ya bi sawunsa a kimiyya, ya rasu a 1889.

A 1893, yana dab da cika shekara 72, ya tafi Shikago ta Amurka taron masana lantarki. A hanyar dawowa ya faɗi daga matakalar jirgin ruwa, ya ji mummunan rauni a ka, ya zub da jini da yawa. Ya ɗan farfaɗo ya koma aiki. Ran 1 ga Janairu, 1894, Hertz ya rasu yana da shekara 36, Helmholtz ne kuma ya rubuta gabatarwar littafin ƙarshe da almajirin ya bari. A watan Yuli jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi kusan wata biyu a kwance, ya rasu ran 8 ga Satumba, 1894, kwana takwas bayan ya cika shekara 73. An binne shi a Wannsee, a gefen Balin, a 1899 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar jami'ar Balin, inda yake tsaye har yanzu.